Sifirin ɗin zaunar da mota ƙasa: me yake ƙarawa, me yake ragewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 2014 mai silinda huɗu. Ina so in sa mata sifirin ɗin nan da ke zaunar da mota ƙasa, don wani abokina ya ce in an sa shi mota tana daina tangaɗi a kwana, kuma ta fi kama titi. Mai sayarwa ya ce zai sauke ta da milimita 40, kuma ba sai na canja shokozoba ba. Haka abin yake? Me zan lura da shi wajen ɗaurawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, shi kuwa mai sayarwa kasuwarsa yake ci. Na daɗe ina aikin ƙafar mota. Na ɗaura irin wannan sifirin da hannuna, na kuma sha cire shi daga motocin da masu su suka dawo suna cewa a mayar musu da na da. Bari in warware maka yadda abin yake, sannan ka yanke wa kanka.

Mu fara da abin da ake sayensa dominsa. In mota ta shiga kwana, nauyinta yakan koma kan tayoyin waje, na ciki su yi sakayau. Ita kuma taya tana da wata ɗabi'a: in ka ninka mata nauyi ba ta ninka riƙon da take yi wa kwalta. Takan ƙara, amma ba ya kai ninki. Saboda haka duk kilon da ya tashi daga tayar ciki ya koma ta waje, an ɗan yi asara a jimlar riƙon motar. Yawan nauyin da ke komawar kuwa abu huɗu ne ke yanke shi: nauyin motar, zafin kwanar, faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da tsayin cibiyar nauyin motar daga ƙasa. Taurin sifirin ba ya cikin wannan lissafin. Da yawa ba sa yarda da haka sai mun zauna da biro da takarda.

To mu zauna. Motarka tana wajen kilo 1,500, faɗin tsakanin tayoyinta kuma wajen milimita 1,580. Mu ƙaddara cibiyar nauyinta tana milimita 550 daga ƙasa, wanda shi ne kimanin na motocin gida irinta. In ka sha kwana mai zafi sosai, irin wadda taya ke fara kuka, nauyin da zai koma waje zai kai wajen kilo 420. Ka sauke motar da milimita 30, ka sake shan kwanar nan da gudu ɗaya, sai ya zama wajen kilo 395. Ribar ke nan: kashi biyar zuwa shida cikin ɗari. Ko wannan ma na yi wa sifirin ɗin kara, domin tayoyi da birki da sauran abin da ke ƙarƙashin sifirin ba sa sauka tare da jikin motar. Riba ce ta gaskiya, ban raina ta ba, amma bambancin da ke tsakanin taya mai kyau da tayar gwangwan da ta shekara bakwai ya fi wannan nesa ba kusa ba.

To me ya sa duk wanda ya sa sifirin ɗin yake rantsuwa motarsa ta canja? Domin ta canja ɗin, amma a abin da jiki ke ji. Sifirin ɗin ya fi na kamfani tauri, don haka jikin motar ba ya kishingiɗa sosai in an juya sitiyari, hancinta ba ya duƙawa sosai in an taka birki, kuma tana amsa hannu da wuri. Da can in ka juya, sai jikin ya ɗauki ɗan lokaci yana kwantawa kafin motar ta daidaita a kwanar. Yanzu wannan jiran ya ragu. Direba yakan ji kamar motar ta zama wani sashe na jikinsa. A kan kwalta mai santsi wannan jin yana da amfani, yana sa mutum ya san inda motarsa take. Sai dai jin mota ta kama titi daban, ita kamawar daban. Mota tana iya tafiya a miƙe kyam ba tangaɗi, alhali ta fi kusa da zamewa fiye da wadda take kishingiɗa. Hasali ma kishingiɗar nan gargaɗi ce, ita ke gaya wa direba ya kusa iyaka. In ka rage ta, ka rage gargaɗin.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Aikin sifirin ba ɗaukar mota ba ne kawai, babban aikinsa shi ne ya riƙe taya a manne da ƙasa duk yadda ƙasar ta canja. Tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana. Don ya yi wannan aikin yana bukatar fili: tazarar da taya za ta iya matsawa sama kafin ta kai ƙarshe. A jikin sandar shokozoba, ƙarƙashin robar da ke kare ƙura, akwai wani guntun soso mai tauri, yawanci ruwan ɗorawa. Shi ne matsayar ƙarshe, shi ke hana ƙarfe ya daki ƙarfe. Duk milimitan da ka sauke motarka, daga wannan tazarar ka ciro shi, ba daga wani wuri ba.

Mu ƙaddara tazarar milimita 80 ce kafin a kai ga soson. Ka cire 40, saura 40. In kana so motar ta ɗauki irin bugun da take ɗauka a da ba tare da ta kai ƙarshe ba, sai taurin sifirin ya ninka aƙalla sau biyu. Masu ƙera sifirin ɗin titi ba sa ninka shi, don ba wanda zai iya zama a cikin motar. Sukan ƙara taurin daidai gwargwado, ragowar aikin su bar wa soson. A titin Jamus wannan ba matsala ba ce. A namu kuwa, ga abin da ke faruwa: ka shiga kwana da gudu, tayar gaba ta waje ta riga ta cinye rabin tazarar da ta rage mata saboda nauyin da ya hau kanta, sai ga ɗan tudun faci ko kwaltar da babbar mota ta murɗe a tsakiyar kwanar. Tayar ta daki soson. Nan take taurin wannan ƙafar ya ninka sau da yawa, tayar ta yi tsalle, gaban motar ya ƙi bin sitiyari ya miƙe waje. In a baya abin ya faru, to wutsiyar ce za ta zame, wanda ya fi muni. Motar da ba a taɓa ba da ta haɗiye tudun nan ta wuce. An sayi kaya don a kama titi, sai ga shi a daidai wurin da ake bukatar kamun ya saki.

Akwai sifirin iri biyu a kasuwa. Wani taurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Wani kuma za ka ga zagayensa sun matsu da juna a gefe ɗaya sun buɗe a ɗayan; shi yana farawa da laushi, yana ƙara tauri gwargwadon yadda aka danne shi. Yawancin na rage tsayi irin na biyun ne, kuma ga motar hawa yau da kullum ya fi daɗi. Matsattsun zagayen nan suna da wani aikin kuma: su ke hana sifirin ya yi sako-sako a mazauninsa idan taya ta rataya, misali in an ɗaga motar a jak ko ta faɗa rami.

Sai maganar shokozoba, wadda mai sayarwa ya ce ba sai ka canja ba. Sifirin ajiye ƙarfi yake yi ya mayar. In an danne shi sai ya rama. Shokozoba ce ke shanye wannan ramuwar, ta hanyar tura mai ta ƙananan kafofi, ta mai da ƙarfin ya zama zafi. Kamfani ya auna kafofin nan daidai da taurin sifirin ɗinsa. In ka sa wanda ya fi tauri, ramuwarsa ta fi ƙarfin shokozobar, sai motar ta riƙa rausaya sau biyu ko uku bayan kowane tudu. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Ban da haka, sandarta yanzu tana zaune can ciki fiye da inda aka tsara mata, tana aiki kusa da ƙarshenta, tana yawan shan bugu. Sabuwar shokozobar kamfani takan jure sauke mota da milimita 25 zuwa 30, ko da yake kwananta zai ragu. Amma taka fa? Motar 2014 ce, ta yi yawonta a Amurka ko wata ƙasa kafin ta iso hannunka, kuma da wuya a ce an taɓa canja mata shokozoba. Wadda ta riga ta gaji da sifirin mai laushi ba za ta iya da mai tauri ba. Wata biyu, wata uku, sai ka ga mai yana zubowa a jikinta.

Shi ya sa kamfanonin da suka san aikinsu suke da shokozoba ta musamman don wannan. Bilstein suna da B6 mai tsayin asali, da B8 wadda aka gajarta don gajeren sifirin. Suna ma sayar da su a haɗe da sifirin Eibach da sunan B12. Koni suna da mai launin ɗorawa wadda ake iya murɗa ƙarfin ramuwarta. Ka bincika ko akwai ta irin motarka kafin ka sayi komai, kuma ka sa kuɗinta a lissafi tun farko, don sau da yawa ta fi sifirin ɗin tsada. Akwai kuma wanda ake sayarwa a haɗe gaba ɗaya, shokozoba da sifirin da zaren da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke. Mai kyaunsa ya fi duk abin da muke magana a kai, mai arharsa kuwa ya fi komai muni, kuma ƙura da ruwa sukan cinye zaren har ya ƙi murɗuwa.

Abu na uku shi ne tsarin ƙafar kanta, kuma nan shekarar motarka ta shigo. Accord ta 2008 zuwa 2012, da waɗanda suka gabace ta tun daga ƙirar 1986, suna da hannu biyu a kowace ƙafar gaba, na sama da na ƙasa. Daga ƙirar 2013 Honda suka koma tsarin da ake kira MacPherson, wato hannu ɗaya a ƙasa, shokozobar kanta ta tsaya a madadin na sama, irin na Corolla da Camry da Golf. Tsarin yana da sauƙi da arha da ƙarancin nauyi, amma ba ya son a sauke shi da yawa. Ka leƙa ƙarƙashin motarka tana tsaye a fili: za ka ga hannun ƙasan ya ɗan gangaro daga jikin motar zuwa wajen taya, ko kuma yana kwance daidai. In ka sauke motar, gefensa na ciki ya sauka, na waje yana nan inda yake. In saukar ta yi yawa sai ya juye, ya zama yana hawa sama zuwa taya. Daga nan abu biyu ke lalacewa. Na farko, wurin da jikin motar ke dogara a kai in zai kishingiɗa yakan sauka fiye da yadda cibiyar nauyi ta sauka, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, kamar an ƙara wa sifana tsawon hannu. Ma'ana motar ta ƙara son kishingiɗa, taurin sifirin ne kawai ke ɓoye hakan. Na biyu, tayar waje takan daina tsayawa daram a kan kwalta in motar ta kwanta, ta riƙa hawa kan kafaɗarta ta waje. Ga tayarod kuma, wato sandar da ke juya taya in an murɗa sitiyari, shi ma kusurwarsa ta canja, sai ya zama duk sanda taya ta hau tudu tana ɗan juya kanta, sitiyari yana fizga a hannunka. A milimita 25 ko 30 waɗannan abubuwan kaɗan ne. Daga 40 zuwa sama suke fara nuna kansu, a 50 kuwa ba sai an gaya maka ba.

A baya motarka tana da hannuwa da yawa a kowace ƙafa. In an sauke ta, saman tayoyin baya yakan karkata ciki, irin tsayuwar nan da samari ke so a hoto. Ɗan karkata kaɗan yana taimakon kwana. Mai yawa yana cinye cikin taya, yana kuma rage faɗin robar da ke taɓa ƙasa lokacin birki. A irin motarka akasari ba wurin gyara wannan karkatar daga kamfani, sai an sayi wani hannu mai zare an sa. Wani kuɗin ke nan da mai sayarwa bai ambata ba.

Ka dubi yadda masu ƙera motocin da kansu suke yi in za su fitar da samfurin wasa. Golf GTI an sauke ta da wajen milimita 15 daga Golf ta gida. Mercedes C-Class mai ƙafar wasa ita ma wajen 15. BMW mai kayan M Sport tsakanin 10 da 15. Kuma ba sifirin kaɗai suke canjawa ba, har da shokozoba da sandar balans, wato sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kishingiɗa, wani lokaci da bushin, wato robar da ke mahaɗar hannuwan ƙafa, sannan su gwada su sake gwadawa. Mutanen da ke da filin gwaji da injiniyoyi suka tsaya a santimita ɗaya da rabi. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi wa milimita 40 kallon tsanaki. Eibach da H&R, manyan sunaye biyu a wannan sana'ar, dukansu na Jamus ne, ƙasar da ba ka sa irin wannan kayan ka hau titi sai da takardar amincewa, wani lokaci ma sai masu duba lafiyar mota irin su TÜV sun gani sun sa hannu. Don titinsu da dokarsu aka ƙera kayan.

Mu kuwa tarihin motarmu ya bi ta wata hanya. Dattawa har gobe suna yabon Peugeot 504 da aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna, kuma ba don tana zaune ƙasa ba ne. Tana da tsayi, ƙafarta tana da laushi da doguwar tazara, tana bin gargada tayoyinta na manne da ƙasa. Da irin wannan ƙafar ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Ita ma kama titi ce, ta irin titin da ba shi da santsi. Har yau abin da aka fi kawo mini shi ne a ɗaga mota, ba a sauke ta ba, kuma shi ma in ya yi yawa yana da nasa aibun, amma wannan zancen wata rana ne.

Tsakanin cikin motarka da ƙasa bai wuce santimita 14 zuwa 15 ba, ba kowa a ciki. Cire huɗu, saura goma ko sha ɗaya. Zuba mutum huɗu a ciki da buhun shinkafa a but za a je gida sallah, ka ga abin da ya saura. Sannan ka tuna tudun rage gudu na cikin unguwa da na ƙauyukan bakin hanya, wanda kowa ke gina nasa yadda ya ga dama, da gadar ƙofar gida, da gangaren shiga gidan mai, da ramukan da damina ke ɓoyewa a ƙarƙashin ruwa. Abin da ke fara taɓa ƙasa shi ne leɓen bamba, sai salansa, sai kaskon man inji. Wani yaro da na ɗaura wa irin wannan sifirin bayan na yi masa duk bayanin nan, bai rufa wata biyu ba aka jawo motar da igiya: ya hau wani tudu da dare, kaskon ya tsage, mai ya tsiyaye, bai lura da jar fitila ba sai da injin ya fara ƙara. Kuɗin sifirin ya zama ƙaramin abu a cikin lissafin.

In duk da haka ranka yana so, kuma ba laifi ba ne, mota zaunanniya tana da kyan gani, ni ma ina juyawa in kalla, to ga yadda za a yi aikin.

Ka sayi wanda aka yi wa motarka takamaimai, har da injinta. Accord mai silinda huɗu da mai silinda shida, wato V6, nauyin gabansu ba ɗaya ba ne, sifirin ɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Na gaskiya yana da lamba a buge a jikin zagayensa. Ka duba lambar a shafin kamfanin kafin ka biya. Fenti ja ko shuɗi ba shaida ba ce, kowa na iya fesawa. In ɗan Beljiyam ne daga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, ka duba tsatsa da inda fenti ya ɓare, don daga nan sifirin ke karyewa, ka kuma jera na hagu da na dama ka ga tsayinsu ɗaya ne.

Kafin a kwance komai, a tsayar da motar a daben da ya daidaita, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin motar da ke saman taya, a duk ƙafa huɗu, a rubuta. Daga tsakiyar wili, ba daga ƙasa ba, don iskar taya kada ta shiga lissafin. Ba tare da wannan ba, ba ka da hanyar sanin ko ta sauka yadda aka ce, ko wani gefe ya fi wani.

Wajen kwancewa, abin da nake jin tsoro ɗaya ne: notin da ke saman shokozoba. Sifirin ɗin yana danne a ƙarƙashinsa da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Ba a taɓa notin nan sai an kama sifirin da abin matse shi na ƙarfe, biyu, ɗaya a kowane gefe, an matse har ya saki mazauninsa. Na san ana yi da igiya, ana yi da waya, ana sa yara su taka da ƙafa. Na kuma ga wanda ya rasa haƙoran gaba a haka. In garejin ba su da abin matsewa, ka ɗauki motarka ka yi gaba. Kada a bari a kama sandar shokozoba mai sheƙi da filaya, tabo ɗaya ya isa ya yanke robar da ke tare mai. Kada a bar ƙafar ta rataya a kan tiyon birki ko wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, kada kuma a ja ta waje har shaf ya zare daga cikin giya. Tunda an riga an buɗe, a duba robar sama da boris ɗinta da robar ƙura da soson nan. Wanda ya mutu a canja shi yanzu, kuɗin aiki ɗaya ne. In takardar sifirin ta ce a rage tsawon soson, a rage daidai yadda ta ce. In ba ta ce ba a bar shi, kuma ko da wasa kada a cire shi gaba ɗaya. Ƙarshen sifirin yana da gurbin da yake zama a mazauninsa, a tabbata ya shiga, in ba haka ba za ka yi ta jin ƙwas-ƙwas kuma gefe ɗaya zai fi tsayi.

Ga wani abu da kanikawa da yawa ke tsallakewa. Bushin ɗin roba da ke hannuwan ƙafa ba juyawa yake yi a kan kusarsa ba, murɗewa robar take yi. Kamfani ya ɗaure shi ne motar tana tsaye a tsayinta na asali, don robar ta zauna ba murɗi. In ka sauke motar ba ka sassauta su ba, ko aka ɗaure su motar tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe dare da rana, ta riƙe motar sama, ta kuma yage cikin 'yan watanni. A sassauta kusoshin, a sauke motar a kan tayoyinta, a ɗan tura ta gaba da baya, sannan a ɗaure su nauyinta yana kansu.

Bayan haka sai alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, kuma ba zaɓi ba ne. Ka ɗan yi kwanaki kana hawa a hankali komai ya zauna, sannan ka kai ta wurin masu na'ura a yi na ƙafa huɗu, ba na gaba kawai ba, ka ce a ba ka takardar awon kafin da bayan. Mutane suna ɗora wa karkatar taya laifin cin roba, amma wanda ya fi ci shi ne in bakin tayoyin ya buɗe waje ko ya tsuke ciki, domin a haka taya jan ta ake yi a kan kwalta kamar ana goga ta a dutse. Sauke mota yana canja wannan awon, kuma 'yan milimita sun isa su cinye sabuwar taya kafin shekara. A tabbata sitiyari ya tsaya a tsakiya, don na'urar hana zamewa ta motarka da shi take sanin inda ka nufa. A kuma sake saita fitilun gaba.

Abu biyu kuma kada ka bari a yi maka ko kyauta ne. Na farko yanke sifirin ɗin kamfani. Yankewa tana ƙara tauri kaɗan, tunda zagayen da ke aiki sun ragu, amma ba ta kai ta biya tazarar da aka rasa ba, kuma yankakken baki ba ya zama a gurbinsa. Na biyu gasa shi da wutar mai walda har ya zauna. Ƙarfen sifirin an yi masa horo na musamman da wuta a masana'anta. In aka sake gasa shi horon ya tafi, zai ci gaba da zama ba daidai ba har ranar da zai karye, kuma karyayyen sifirin yana iya huda taya ana cikin gudu.

Ra'ayina a kan taka motar: milimita 40 a kan tsohuwar shokozoba, a'a. In a cikin Abuja kake, hanyarka daga gida zuwa aiki kwalta ce mai kyau, ba ka cika lodi ba, to 25 zuwa 30 da sabuwar shokozobar da ta dace da shi da alaimen mai kyau zai ba ka motar da ta fi kyan gani, ta fi amsa hannu, ta kuma fi bugu. Ka sani bugun nan ba ya tafiya, kuma masu zama a baya ne za su fara gaya maka. In kuwa ainihin abin da ke damunka tangaɗi ne, ina kyautata zaton shokozobarka ce ta mutu, ko bushin da linkej na sandar balans. Ka fara da su, ka sa tayoyi huɗu masu kyau iri ɗaya, ka kiyaye iskar da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Yawancin waɗanda na yi wa haka ba su sake tayar da zancen sifirin ba. Wanda yake son ƙari kuma, sandar balans ta baya mai ɗan kauri tana rage kishingiɗa ba tare da ta ci ko milimita ɗaya na tsayi ba, sai dai ita ma kada a zarce, don tana sa baya ya yi saurin juyawa in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana. Kada kuma ka haɗa sauke mota da ƙaton wili mai siririyar taya a lokaci ɗaya. Gefen taya shi ne sifirin na farko, in ka rage shi sannan ka rage na biyun ma, rami ɗaya zai lanƙwasa maka wili.

Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwajin. Samo guntun soso mai tauri, kaurin santimita huɗu, ka ɗaure shi da waya a ƙarƙashin gaban motar, a wurin da ya fi kusa da ƙasa, nesa da salansa saboda zafi. Ka yi sati guda kana bin hanyoyinka na kullum, har da ƙofar gida da layin su Hajiya da gidan man da kake sha, wata rana kai kaɗai, wata rana da mutane a baya. Kowace yamma ka durƙusa ka duba soson. In ka rubuto mini yadda ka same shi, da awon ƙafafun nan huɗu, da kilomitar da motar ta yi, sai mu san lambar da za ka nema.